Bututun Baba Yafet

Baba Yafet ya rasu ranar Lahadi da hantsi, ana tsakiyar sujada a coci, kuma tun kafin kukan farko ya lafa kowa a gidan ya tuna da maganar motar. Ba wanda ya furta ta. Idanu dai suka riƙa zuwa kan Azariya, babban ɗan marigayin, su ɗan tsaya, su kauce.

Motar Fijo ce 404, a-kori-kura, wadda a da fara ce. Tsohon ya saye ta tun yana makanikin jirgin ƙasa a Kafanchan, lokacin da reluwe take reluwe. Da ita ya yi jigilar citta da doya, da ita ya kai matan unguwa asibiti haihuwa, da ita ya kai gawar matarsa ƙauye. Shekara takwas da suka wuce injinta ya buga. Azariya, da yake bakanike ne mai gareji a hanyar Kagoro, ya sa aka turo ta, ya sauke injin, ya ce a ba shi mako biyu. Kowa ya san mako biyun bakanike, amma na Azariya ya wuce misali. Motocin mutane suna shiga suna fita, ta ubansa tana kan duwatsu a gindin mangwaro, kaji suna ƙwai a kujerar direba.

Tsohon bai taɓa yi masa faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Yakan hau keke mai ƙafa uku ya zo garejin, ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da sandarsa, ya ce, "Ba gaggawa, Azariya. Ni dai ran da zan koma gida, a cikin motana za a kai ni. Kar a sa ni a ambulan ana mini jiniya kamar wani gwamna." Sai a yi dariya. Ya faɗa wa fasto, ya faɗa wa 'yarsa Milka, ya faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi fiye da minti biyar. Ba shi da wata wasiyya bayan wannan.

Ranar Litinin dangi suka zauna suka sa jana'iza Asabar. Da aka tashi, Milka ta tare yayanta a bakin ƙofa. Malamar makaranta ce, ba ta iya kwana-kwana ba.

"Broda, ka gaya mini gaskiya yanzu. In ba zai yiwu ba, mu nemi ambulan tun yau, kar mu ji kunya gaban mutane."

"Zai yiwu," in ji shi.

"Haka ka ce wa Baba."

Ya wuce ta ya nufi gareji.

Tsohon injin ba ya tashuwa, kuma Azariya ya fi kowa sanin dalili. Shi da hannunsa ya yi ta zare kayan cikinsa cikin shekarun nan yana sa wa motocin mutane, yau kafireto, gobe famfon ruwa, yana cewa zai mayar. Abin da ya rage gangar ƙarfe ce da tsatsa ta cinye. Sai ya nemo injin Beljiyam na wata ƙaramar mota a wajen abokin sana'arsa, ya kai wa mai walda ya ƙera masa mazauni, ya yi fama da giya har ta yarda ta haɗu da shi. Ranar Laraba da yamma injin yana zaune a cikin motar kamar baƙon da aka ba wa kujerar mai gida.

Sai dai sabon injin mai injekta ne, Azariya kuwa mutumin kafireto ne shekara talatin. Tsohon inji tsotson mai yake yi a hankali, da ɗan famfon da ke jikinsa. Wannan kuwa famfon lantarki gare shi a kusa da tanki, yana tura man da ƙarfi kamar famfon 'yan wankin mota. Da Azariya ya murza makulli karon farko, tsofaffin guntayen robar da ke haɗe da bututun mai suka tsage, da ya leƙa, fetur ya wanke masa fuska. Ya zauna yana tofar da yawu, ya buga wa Dalhatu, mai sayar da kayan mota a Panteka ta Kaduna.

"Ba roba za ka sa ba," in ji Dalhatu. "Akwai tiyo mai rigar waya, saƙaƙƙe. Auno mini daga tanki zuwa inji, in sa a matse maka kawunansa a nan da na'ura. Guda ɗaya zai zo, babu gaɓa. Kada ka yanka shi, ka ji ko?"

Ranar Alhamis direban bas ya kawo shi a naɗe cikin buhun siminti. Kaya ne mai kyau, yana sheƙi kamar sarƙar amarya. Azariya ya shafa shi, ya ji hankalinsa ya kwanta a karo na farko tun ranar Lahadi.

Da safiyar Juma'a ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar don ya cire tsohon bututun. A nan ya ɗan tsaya. Bututun ba na kamfani ba ne. Na jan ƙarfe ne, wanda Baba Yafet ya ƙera da kansa tun Azariya yana firamare, lokacin da na asali ya ruɓe. Ya tuna tsohon yana cika shi da yashi, yana gasa shi a wuta, yana lanƙwasa shi a kan gwiwarsa don kada ya karye. Kowane maƙali an sa masa guntun fata a ciki saboda kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Aiki ne na mutumin da ba ya sauri. Azariya ya sa sifana a kan noti na farko, sai ya ga ƙafafu cikin takalmin roba sun tsaya a gefen motar.

Baba Kumai ne, ƙanen marigayin, wanda yanzu shi ne babba a gidan. Daga ƙauye yake, ya je duba haƙan kabari.

"Me kake cirewa a wurin?"

Azariya ya fito ya gaishe shi, ya nuna masa sabon tiyon, ya yi bayanin famfo da ƙarfin mai. Baba Kumai ya saurara har ƙarshe, irin sauraron wanda ya riga ya yanke shawara.

"Wannan jan ƙarfen, ba hannun Yafet ne ya yi shi ba?"

"Shi ne, Baba."

"To ka sani a gidanmu ba a taɓa kayan wanda ya mutu sai an rufe shi. Ko takalminsa yana nan inda ya cire. Injin, ka cire shi yana da rai, wannan tsakaninka da shi ne. Amma wannan ba za ka cire ba."

"To zan bar shi a wurinsa, Baba. Sai in bi da sabon a gefe, mai ya bi ta sabon."

"Wato ka bar shi kamar hoto a bango." Baba Kumai ya zagaya motar a hankali, ya leƙa gaba, ya dubi tayoyin. Ba da faɗa ya yi maganar ba. "Inji ba nasa ba. Batir ba nasa ba. Taya huɗun nan aro ne, na san motan da aka ciro su. Yanzu hanyan mai ma ba nasa ba. Azariya, wane mota ne za ka kai shi gida da shi?"

Ya faɗi haka ya tafi wajen mai akwati.

Gaskiyar magana, Azariya yana iya yin abin da ya ga dama. Baba Kumai ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura igiyar takalmi, balle ya leƙa ƙarƙashin mota. Da ya bi da tiyon yadda Dalhatu ya ce, da babu mai sani sai shi da Allah. Amma tambayar ta riga ta shige shi. Ya daɗe zaune a kan kwalin yana kallon abin da ya rage na ubansa a motar, kuma kaɗan ne ƙwarai. Shi ne ya wawushe ta, ba ɓarawo ba. Kunya ce ta yi masa tunani a ranar, ba sana'a ba, kuma kunya ba ta san aikin mota ba.

Ya ɗauko zarton ƙarfe ya yanka tiyon. Saƙar wayar ta warware a bakin yankan, ta soke shi a yatsu har jini. Ya fitar da guntu biyu, ɗaya daga famfo zuwa jan ƙarfen, ɗaya daga jan ƙarfen zuwa inji. Bakin bututun santsi ne, tiyo ba zai kama ba, sai ya sa ƙusa mai kauri ya bubbuɗa shi da guduma. Jan ƙarfen da ya shekara arba'in yana shan girgiza ba ya son guduma, ya riga ya ƙage, kuma Azariya ya ji haka a hannunsa. Ya zura tiyon, ya ɗaure kowace gaɓa da kilif biyu, ya matse har sukudireba ta zame.

Motar ta tashi bugu ɗaya. Ya shimfiɗa jarida a ƙarƙashinta, ya bar ta tana aiki awa guda, jaridar ta fito a bushe. Ya kai ta tashar jirgi ya dawo, ya sake dubawa, ya shinshina kowace gaɓa. Babu komai. Ya san kwalta ce ya bi, kuma hanyar ƙauyensu ba kwalta ba ce, amma ya ajiye wannan sanin a gefe.

Ranar Asabar da ƙarfe tara aka fito da akwatin daga ɗakin ajiye gawa. Azariya da kansa ya ɗaure shi a bayan motar da igiyar roba mai kauri, ƙulli irin na direbobin citta, ya ja har igiyar tana ƙara. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, ya san ramukan da ke gaba, kuma ba zai bari ubansa ya yi tsalle a hanya kamar buhun masara ba. Baba Kumai ya shiga gaba riƙe da hoton marigayin. Milka tana cikin bas ɗin zumuntar mata a baya, cikin anko, suna waƙa suna buga tulu.

Cikin gari abin ya yi kyau, wannan kam dole a faɗa. Mutane sun gane motar. A gefen kasuwa masu sayar da doya suka miƙe tsaye. Wajen tashar jirgi tsofaffin ma'aikatan reluwe uku da ke zaune a benci suka cire huluna, ɗaya ya sara kamar soja. Azariya ya ji hawaye yana bin kumatunsa, kuma ba na baƙin ciki ba ne zalla. Ya ji kamar an yafe masa.

Bayan Zonkwa suka sauka daga kwalta. Ruwan bana ya yi wa hanyar kaca-kaca, kwazazzabai sun ratsa ta, duwatsu sun fito. Motar tana rawa, ƙofofi suna kaɗawa, sabon injin yana karkarwa irin wadda tsohon bututun bai saba da ita ba. Sun yi kusan awa guda a haka lokacin da Azariya ya ji warin.

Kaɗan ne da farko. Ya ce wa kansa na ran Laraba ne da ya zuba a motar. Ya leƙa ta taga ya shaƙi iska, ya dawo da kansa, warin yana nan, ya ma ƙaru. Ya dubi Baba Kumai. Tsohon bai ji komai ba, shekarun shaƙar taba sun kashe masa hanci, yana ta gyara hoton a cinyarsa. Daga kan tudun da suke ana hango rufin cocin ƙauyen a ƙetaren rafi, tafiyar da ba ta fi minti goma ba.

Duk wani bakanike ya san abin da ake yi. A tsaya, a kashe, a bar inji ya huce, a duba. Azariya ya sani. Amma in ya tsaya, bas uku da babura za su tsaya a bayansa, a ga babban ɗa kwance ƙarƙashin mota da gawar ubansa a sama. In gaɓar ce ta tsage, ba shi da abin gyara ta a dajin nan, sai a sauke akwatin a cusa shi a bas tsakanin kulolin abinci. Ya dubi rufin cocin. Ya ce a ransa, Baba, saura kaɗan, ka taimake ni. Ya sa giya ta biyu ya gangara.

Suna dab da rafin injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Hayaƙi ya ɓullo ta gefen bonet. Azariya ya ja birkin hannu ya yi tsalle ya fita, kuma a nan shekarunsa talatin suka ci amanarsa. A motocin da ya sani, in inji ya mutu mai ya tsaya. Bai kashe makulli ba. Famfon lantarkin, wanda ya haɗa kai tsaye da makullin, ya ci gaba da aikinsa a can baya, yana tura fetur ta tsagar jan ƙarfen zuwa kan salansa mai zafi. Da ya ɗaga bonet iska ta shiga, wutar ta miƙe ta fi shi tsawo.

Ƙofar Baba Kumai daga waje kawai take buɗuwa, tun zamanin marigayin. Azariya ya zagaya ya fizge ta, ya jawo tsohon da hotonsa suka faɗi a ciyawa. Sai a lokacin ya ji kukan famfon, siriri, kamar sauro. Ya juya don ya kai ga makullin, amma wuta ta riga ta cika gaban motar, tana bin man da ya zuba a ƙasa zuwa baya.

Ya haye bayan motar ya kama igiyar. Ƙullin da ya yi da dukkan ƙarfinsa ya ƙi motsi. Maza suka zo a guje daga bas, wani yana watsa ƙasa, wani yana neman bokiti, ba mai wuƙa ko ɗaya, domin wa zai tafi jana'iza da wuƙa cikin kwat? Gilashin bayan direba ya fashe, wuta ta leƙo ta fara lasar kan akwatin. Igiyar ta soma narkewa tana manne masa a tafin hannu, amma ba ta tsinke ba.

Sai ga wani Bafulatani ya fito daga ciyawar bakin rafi a guje, da adda tsirara a hannu. Mata suka yi kururuwa suka watse cikin gonar dawa, maza da yawa suka bi su. Abin kunya ne, amma mutanen nan sun binne 'yan uwa da yawa a rikicin manoma da makiyaya na shekarun nan, ƙafafunsu sun riga kawunansu yanke hukunci. Mutumin bai dubi kowa ba. Yero ne, makiyayin da rugarsu ke bayan tudun tun kakanni, yana shayar da shanu ya hango hayaƙi. Ya sare igiyar sara uku. Shi da Azariya da Milka, wadda ba ta gudu ba, suka jawo akwatin ya faɗo ƙasa da ƙarar da Azariya ba zai manta ba. Suka ja shi cikin laka har bakin ruwa. Suna can tankin ya kama.

Mutane suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon idon wani. Gefen kan akwatin ya ƙone ya yi baƙi, amma bai buɗe ba. Milka ta kwance zanen ankonta na sama ta rufe wurin.

"Sannu, Yero," in ji Baba Kumai.

"Allah ya ba ku haƙuri," in ji Yero. Ya goge addarsa a ciyawa ya koma wajen shanunsa.

Sai da Milka ta kama shi sannan Azariya ya ga hannayensa. Fatar tafin ta tashi, narkakkiyar igiya ta manne a ciki. Ta tsoma su a rafi, ta naɗe su da ɗankwalinta da na wata mata, ta ce a ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Ya girgiza kai. Maza shida suka ɗauki akwatin a kafaɗa suka ƙetare ruwan, shi yana biye da hannaye a ɗage a gaban ƙirjinsa. Ba a ci gaba da waƙa ba. Baba Kumai yana tafiya kusa da shi, rungume da hoton.

A gidan kabari yana buɗe a bayan rumbu, fasto yana tsaye da Littafi, jama'ar ƙauye sun cika tsakar gida. Amma ba a fara ba. Mama Zipora, yayar marigayin, wadda ta goye shi yana jariri, ta ƙi fitowa daga ɗakinta. Ta kusa shekara casa'in, idanunta sun daɗe da rufewa. Mata sun shiga sun gaya mata an kawo shi, ta ce ba a kawo shi ba. Fasto ya shiga, ta ba shi amsa ɗaya. Ba kuwa za a rufe Yafet yayarsa tana ɗaki ba.

Baba Kumai ya dubi Azariya. "Kai za ka shiga."

Ɗakin da duhu, yana ƙamshin hayaƙi da daddawa. Tana zaune a bakin gado, ta yi wanka ta sa rigar coci, sandarta a kan cinya, fuskarta tana fuskantar ƙofa. Azariya ya durƙusa a gabanta.

"Mama, ni ne Azariya."

"Azariya." Ta miƙo hannu tana laluben nasa, ya janye su baya, sai ta samu kafaɗarsa ta dafa. "Suna ta ce mini wai an kawo shi. Yafet ya gaya mini da bakinsa, ya ce Zipora, kar ki wahal da ƙafanki, in kin ji kukan motana a bakin rafi sai ki fito. Tun safe kunnena yana hanya. Ban ji ba."

Ta matso da fuskarta kusa da rigarsa, ta shaƙa, sai ta yi murmushi.

"Kana warin mai. Ashe ka gyara. Na gaya masa za ka gyara."

A waje wani jariri yana kuka, ana rarrashinsa.

"Mama," ya ce, "motan ba zai zo ba."

Hannunta yana kan kafaɗarsa, bai yi nauyi ba, bai kuma ɗaga ba.

"Hanyan ne ba kyau," in ji ta. "Bari mu ƙara jira kaɗan."

Ta gyara zamanta, ta juya kunnenta wajen rafi.